Awa Biyar da Rabi

Rabin mutanen Badagishiri a hannun Tsahara suka faɗo duniya, sauran rabin kuwa baƙi ne. Haka take faɗa, kuma ba a cika musa mata ba, don wadda ta yanke maka cibi ba ta rasa abin da za ta tona maka a tsakiyar kasuwa. Shekara talatin tana ungozoma kafin a gina ɗakin haihuwa a bayan gidan likita, mata suka koma can. Ba ta yi fushi ba. Ta je ta duba wurin, ta taɓa gadon ƙarfen, ta ce yana da sanyi, ta dawo gida. Tun daga nan sai jefi-jefi ake yi mata sallama.

Gidan ya yi mata yawa. Mai gidan ya rasu shekarar da fari suka cinye gero. Ta haifi bakwai, ƙasa ta karɓi biyar. Namijin da ya rayu yana Abijan, sai dai a ji labarinsa a bakin 'yan ci-rani. Saura auta, Mubaraka, wadda lakwal, makarantar boko, ta ɗauka ta kai Tawa, daga Tawa ta kai Yamai, daga can aure da karatu suka haɗu suka kai ta Pari, can ƙasar Turawa, ita da mijinta Usmanu. Ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa take koyo. Tsahara takan ce ba ta taɓa jin an tafi garin da sama ke yoyo kullum don a koyi neman ruwa ba.

Duk Jumma'a bayan la'asar takan yafa mayafi ta tafi bakin kasuwa, inda Mushe Bawa yake da ɗakin buga waya. Tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato malam da Faransanci; ya yi ritaya ya sayi tarho biyu da benci. Kuma taubashin Tsahara ne, ɗan ƙanen uwarta, saboda haka tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi a ciki ba. Nan Mubaraka take kira.

Wata Jumma'a cikin bazara, bayan an gama tambayar lafiyar kowa har da akuya, Mubaraka ta ce, "Inna, kwana biyun nan ba na son warin albasa."

"Ɗiyar Badagishiri ta ƙi albasa?" in ji Tsahara. "Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

"To. Ki rage ɗaukar kaya mai nauyi."

Iyakar abin da suka ce ke nan, ya kuwa isa. Tsahara ta ajiye kan tarhon, ta lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Cikin sanyi zai zo.

Ta wanke mata jego ba adadi. Ta wanke 'ya'yan maƙwabta, ta wanke matan jandarmomi da aka kawo daga gabas ba su da kowa a garin, ta wanke har ɗiyar matar da ta taɓa yi mata sharri. Tata ɗiyar ce kawai ba ta taɓa wankewa ba. Cikin fari kuwa gida ake kawo shi, kowa ya sani: wata na bakwai mace ta dawo ɗakin uwarta goyon ciki, ta haihu, ta yi arba'in tana shan ruwan zafi da kunu, sannan a mayar wa miji. Wannan kaɗai Tsahara take so daga duniya, kuma a ganinta ba ta roƙi abu mai yawa ba.

"Bawa," ta ce, "garin nan nasu, kwana nawa ne?"

Mushe Bawa ya daɗe yana jiran wani ya yi masa irin wannan tambaya. Akwai taswira a bangon ɗakin, tsohuwa, wadda ya baro lakwal da ita. Ya miƙe ya ɗora ɗan yatsa a kan Yamai, ya ja shi sama, ya ratsa rairayi mai launin ƙasa-ƙasa, ya tsallake wani shuɗi, ya tsaya.

"Ba a maganar kwana, jahila. Daga Yamai zuwa Pari kilomita dubu huɗu ne ba kaɗan. Jirgi yana cinye su cikin awa biyar da rabi."

"Daga nan zuwa Yamai fa?"

"Kilomita ɗari biyar. A mota awa takwas, in taya ba ta fashe ba."

"Wato Pari ta fi Yamai kusa."

"In a sama ne."

"Tsufa ya taɓa ka, Bawa. Da ma can kanku ba ya da ƙwari a gidanku."

"Ke dai da kin yi lakwal da kin huta da wannan duhu. Ki sallame asuba a Yamai, kafin azahar kina Pari. Lokacin sanyi ma agogonmu da nasu ɗaya ne, ko minti babu tsakani."

Tsahara ba ta san agogo ba. Naƙuda ce ma'auninta. Ta sa ya nuna mata awa biyar da rabi da rana, daga hantsi zuwa bayan azahar, sai ta gane. Haihuwa ta huɗu ke nan, ko ta biyar, irin wadda mace ke fara jin ciwon tana daka ta gama kafin tuwo ya nuna. Ɗan fari kuwa yakan yi yini da kwana yana shawarar fitowa. Ta tafi gida tana jin ɗiyarta kamar a bayan gari take.

Ta fara shiri tun kafin damina. Ta sa aka kawo mata itace amalanke uku, mai ƙwari, wanda ke daɗewa yana ci, aka jibge shi a gindin katanga har ya fi ta tsawo. Ta samo rabin ganga ta kankare tsatsar. Ta yaɓe ɗakin da ta haifi Mubaraka a ciki, ta gyara gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi. Ranar kasuwa ta zaɓi kanwa da citta da kanumfari da kanta, tana lasa tana mayarwa, har mai kayan ya ce, "Iya, sayen za ki yi ko abincin rana?" Matar da ke aiki a ɗakin haihuwa ta sha gaya wa mata cewa yawan kanwa yana kumbura mai jego. Tsahara ta riga ta lura da haka shekara ashirin kafin matar ta zo, ta rage hannu ba tare da ta gaya wa kowa ba, don ba ta son a ce ta bar hanyar iyaye.

Gero ya yi kai, ciki ya shiga wata na bakwai. Ranar Jumma'a muryar Mubaraka ta zo a dishe.

"Inna, sun sa ranar jarrabawa. Sai nan da wata biyu ba kaɗan. In na taho yanzu shekarar ta tafi a banza, shekara uku ma, don ita ce ta ƙarshe. Mai gidana ya ce abin da kika ce shi za a yi."

Tsahara ta dubi taswirar da ke bango. Ta yi lissafinta, irin wanda bai taɓa ba ta kunya ba. Biyar da rabi a sama, takwas a ƙasa. Ko da ciwon ya fara mata a bakin ƙofar jirgin, ɗan fari ba zai riga ta isowa ba. Balle ma za ta taso da saura mako uku.

"Auta, zauna ki yi jarrabawarki," ta ce. "Ɗan fari ba ya gaggawa. Ranar da kika ajiye alƙalami ki hau jirgin. Mi ne ne awa biyar? Na ga matar da ta yi fiye da haka a kan jaki, kan ɗa yana ƙofa."

"Kin tabbata, Inna?"

"Ni kike tambaya?"

Mushe Bawa, da yake jin rabin maganar daga kan bencinsa, ya gyaɗa kai. Da ta fito ya ce, "Yau kin yi magana kamar wadda ta yi aji shida." Ta ce ya rufe mata baki, amma ta ji daɗi. An ce jirgi ya naɗe ƙasa kamar tabarma. Duk garin an yarda da haka, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba sai ɗan farin zare a sama, kuma ba wanda ya taɓa tambayar wa aka naɗe wa.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, masu lambu suka sauka fadama suka fara dashen albasa. Tsahara ta ƙara share ɗakin da ba wanda ya taka. Jumma'ar da ta biyo bayan jarrabawa Tsahara ta riga la'asar zuwa ɗakin waya. Da tarhon ya yi ƙara ta ɗauka, sai ta ji muryar namiji. Surukinta ne. Ta gyara mayafi ta rufe rabin fuska kamar yana ganinta.

Ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, irin ta wanda ba ya son ya iso ga maganar. Ya ce jarrabawa ta yi kyau. Sannan ya ce masu jirgi sun ce ba sa ɗaukar mace mai ciki wata tara sai da takardar lokotoro, wato likita. Lokotoro kuwa ya duba ta, ya ga ƙafafunta sun kumbura, jininta ya ɗan hau, ya ce ba zai sa hannu ba.

"A zaune fa za ta yi tafiyar," in ji Tsahara, tana magana da bango, don ba a duban suruki ko a waya. "Ba gudu za ta yi ba. Awa biyar da rabi."

"Ba tsawon ba ne, Inna. Sun ce a sama babu inda za a tsaya."

Wannan ta gane shi sarai. Amalanke ana tsayar da shi a gindin itace, a kare da zane. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa akwai tafiyar da ba ta da gindin itace ba.

"Da wata na bakwai fa?" ta tambaya.

Ya ce, "Da sun ɗauke ta."

Mubaraka ta karɓi wayar tana kuka, tana cewa laifinta ne da ba ta bincika ba. Tsahara ta ce ta share hawaye, kuka yana ƙara hawan jini, ta rage gishiri, ta riƙa ɗora ƙafafunta a kan matashi. Da ta ajiye, ta zauna a kan bencin, wurin da ba ta taɓa zama ba. Mushe Bawa bai zage ta ba, ita ma ba ta zage shi ba, sai ɗakin ya yi kamar na baƙi.

Kashegari da hantsi ya zo gidanta da sandarsa da takarda a hannu.

"In ita ba ta iya zuwa, ke ki tafi. Hanyar ai ba ta fi tsawo ba daga wannan gefen."

Ya rubuta abin da ake bukata. Paspor daga Yamai. Kafin paspor, katin ɗan ƙasa. Kafin kati, takardar haihuwa. Tsahara, da ta karɓi haihuwar rabin gari, ba ta da takardar tata. Suka shiga mota suka tafi Illela. A buro, ofishin gwamnati, wani saurayi mai ladabi ya ba ta kujera, ya ce abu ne mai sauƙi: ta kawo shaidu biyu da suka girme ta, waɗanda za su ce sun san lokacin da aka haife ta.

"Ɗana," ta ce, "waɗanda suka girme ni suna nan bayan gari a jere. In ka iya tashe su, ni ma ina da tambayoyi."

Saurayin ya yi dariya, ya ce za a samu hanya, amma sai alƙali ya zauna, nan da mako uku. A kan hanyar dawowa Mushe Bawa ya riƙa haɗa makonni a bayan takardar: na alƙali, na kati, na paspor, na takardar masauki da Usmanu zai aiko, na biza. Ya ja layi.

"Wata uku. In komi ya tafi daidai."

"Arba'in biyu da 'yan kai," in ji Tsahara. "To awa biyar da rabin fa, Mushe?"

Ba ta taɓa kiransa Mushe ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

"Wannan bayan an bar ka ka shiga ne."

Wata Talata da safe tana tankaɗe a tsakar gida ta ji sandarsa a zaure. Bai aiko kowa ba, da ƙafarsa ya zo.

"Barka, tsohuwar banza. Kin yi kishiya. Mace ce, lafiya lau su duka."

Ta ajiye rariyar. Ta yi hamdala. Sannan ta yi tambayar da take yi wa kowace haihuwa: "Yaushe ciwon ya fara?"

"Usmanu ya ce awa goma sha tara ta yi."

Ta lanƙwasa yatsu. Biyar da rabi, da takwas. Da ta iso, ta sha ruwa, ta huta, har a dama mata kunu kafin faya ta fashe. Lissafinta daidai ne. Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe, don ba ta ga wanda za ta gaya wa ba.

Mata suka yi ta zuwa barka. Kowace ta shigo sai idonta ya tafi ƙofar ɗakin da aka yaɓe, kamar yadda ƙafa ta saba, sannan ta tuna ta dawo da shi. Ba jariri da za a miƙa a ce tubarkalla, ba mai jego da za a tsokana. Sukan zauna kaɗan, su sha ruwa, su ce Allah ya raya, su tashi. Ran suna aka yanka rago a Ƙonni, gidan mahaifin Usmanu, aka aiko mata da cinya. Sunanta aka sa wa yarinyar. Tunda Mubaraka ba ta iya faɗin sunan uwarta, Umma za a riƙa kiranta.

Jumma'a ta zagayo.

"Wa ke yi miki wanka?"

"Ni kaina, Inna. Ruwan zafi daga bango yake fitowa."

"Wa ke riƙe ɗiyar in kin shiga?"

"Ina kwantar da ita a bakin ƙofa, in bar ƙofar a buɗe. Shi yana fita aiki tun da safe. Hawa na biyar muke. Wani lokaci sai in yini ban ji muryar babba ba."

Tsahara ta san wannan yinin. Ba ta ce ta sani ba.

"Mabiyar fa? Ina aka binne ta?"



"Sun tafi da ita, Inna."

"Ina?"

"Ban tambaya ba. Ban san ana tambaya ba."

Duk ɗan da Tsahara ta karɓa, ita ta wanke mabiyarsa ta binne a bayan ɗakin uwarsa, don yaro ya san inda gida yake. Ko abin yana aiki, ba ta da tabbas: ta ɗanta na Abijan tana nan a binne, ba ta kuwa jawo shi ba. Amma ba ta taɓa jin mutumin da ba shi da komi a ƙarƙashin ƙasar kowa ba.

"Cibiyar ta faɗi?"

"Jiya. Tana nan cikin auduga."

"Kar ki yar. Aiko min."

Kwana ashirin da uku wasiƙar ta yi a hanya. Mushe Bawa ne ya karɓo ta daga gidan waya. Ya fara nuna mata hatimin ranar da ta tashi, yana shirin bayanin inda ta kwana da inda ta yini, ta karɓe ambulan daga hannunsa ta shige gida.

Akwai hoto a ciki, na wata jaririya mai kumatu cikin hular ulu, goshinta na gidan su Tsahara ne sak. Akwai kuma 'yar takarda a ƙudundune. Ta warware. Abin bai fi busasshiyar kuɓewa ba, baƙi, a murɗe. Ta juya shi a tafin hannu ta duba yankan. An bar tsawon da ya kamata. Ko wace ce ta yanke, ta iya aikinta.

Ta zaga bayan ɗakin da 'yar hauya. Ba ta yi lalube ba: taki uku daga kusurwa, nan mabiyar Mubaraka take. Ta haƙa kusa da ita, zurfin kamu ɗaya, ta sa, ta yi bisimilla, ta mayar da ƙasa, ta danne da dutse saboda kaji. Aikin da ta shirya wa kwana arba'in bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Ta daɗe a tsugune, sai da gwiwa ta dame ta ta miƙe.

Ran Jumma'a Mubaraka ta tambaya, "Ta iso?"

"Ta iso. Tana kusa da taki. Sauran yarinyar fa, yaushe?"

"Hutun damina, Inna, in Allah ya yarda. In takardunta sun fito."

"To."

"Bari in sa miki ita ki ji."

Aka yi 'yar ƙara, sannan numfashi ya cika kunnen Tsahara, ƙanana, da sauri-sauri. Ta rufe ido, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda hayaniyar masu babur a waje. Ta saurari shigarsa, ta saurari fitarsa. Akwai ɗan shaƙe-shaƙe a ƙarshen kowane ja.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Hancinta ya toshe, na hagu nake zato. Ki ɗiga mata nono, ɗigo biyu, ki ɗaga kanta kaɗan in za ta kwanta. Kuma hular nan ta hoto ta yi mata zafi cikin ɗaki, ki cire."

"To, Inna."

"Mayar min da ita."

Mubaraka ta mayar. Wani mai albasa ya shigo yana son buga waya Ikko, ya ɗauki ɗaya tarhon ya fara magana da ƙarfi. Mushe Bawa ya taɓa kafaɗarsa da sanda, ya nuna masa benci, ya ce ya jira tukuna.